Kakata Ta Manta Hausa, Ni Kaɗai Na San Abin Da Take Faɗa

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don Allah a sakaya sunana, garinmu ƙarami ne, kuma maganar da za ni yi ba ta hau bakin kowa ba tukuna. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya a Sakkwato, gidanmu yana Isa. Kakata wadda ta haifi babana 'yar ƙasar Filifin ce. Tana cikin malaman da aka ɗauko su koyar da lissafi da kimiyya lokacin wancan babban farin da tsofaffi ke ba da labari, wanda ya cinye shanun Gobir. Aka turo ta Sabon Birni, can ta haɗu da kakana shi ma malami ne, ta musulunta suka yi aure, suka dawo Isa tana ci gaba da koyarwa. Abokan aikinta duk suka koma ƙasarsu, ita ta zauna. Ta haifi 'ya'yanta a nan, ta sauke farali, kowa Hajiya Malama yake kiranta, rabin manyan garinmu sun wuce ta ajinta. Hausarta ta fi tawa, damun furarta kuwa har daga maƙwabta ake aikowa. Ban taɓa jin ta yi yarensu ba, ko babana Allah ya jiƙansa bai san kalma ɗaya a ciki ba.

Bara ta samu shanyewar ɓarin jiki, bayan ta ɗan farfaɗo sai Hausa ta fara zube mata, sannan Turanci ya bi, har ta koma wani yare da ba wanda ya taɓa ji a gidan. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, wani lokaci yaren ƙuruciya ne kawai ke saura. Amma a gida ba kowa ya yarda ba, Baffana yayan babanmu, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya ce iska ce. Aka yi ta hayaƙi da rubutu, ita kuma tana ta magana tana kallon fuskokinmu, in ba a amsa ba ta juya bango ta yi kuka.

Abin ya tsaya mini a rai, na shiga bincike a intanet har na faɗa kan wata ƙungiyar ɗalibai 'yan Filifin da suka tashi a ƙasashen waje. Wasu a Dubai aka haife su, wasu a Italiya, wasu a Kanada, yawancinsu ba su iya yaren iyayensu da kyau ba, shi ne suke haɗuwa ta kiran bidiyo ranar Asabar, su koya wa juna yare da girki da waƙoƙin gida. Na rubuta musu ina jin kunya, na ce ni Bahausa ce amma kakata tasu ce. Wallahi suka karɓe ni hannu biyu, har suna mini tsiya wai ni ce 'yar uwarsu mafi tsawo. Na tura musu muryar Hajiya, sai suka ce wannan ba yaren da suke koya ba ne, Ilokano ne na mutanen arewacin ƙasar. Wata a cikinsu da za ni kira Joy, mai karatu a Dubai, ta ce yaren mahaifiyarta ne, ita za ta riƙa koya mini. A wurinta na gano kalmar da Hajiya ta daɗe tana maimaitawa, danum, ashe ruwa take nufi. Tsohuwa tana roƙon ruwan sha cikin wannan zafi, mu kuma muna tura mata hayaƙi. Ranar na yi kuka har na gode Allah.

Da na dawo hutu na samu wata rana da hantsi sabis ya yi kyau, gidan kuma ba kowa, na haɗa su da Joy. Joy na gaishe ta, sai Hajiya ta ɗago kai, ta kama wayar da hannunta mai lafiya, ta yi ta zuba tana dariya, rabon da in ji dariyarta tun kafin ciwon. Ta ba da labarin gonar shinkafarsu, da kogin bayan gidansu, ta tambaya ko ruwa ya sauka a can. Daga nan sai ta lumshe ido ta shiga wata magana mai kama da karatu, irin wadda take yi kullum da yamma, na ga fuskar Joy ta canza. Bayan mun fito tsakar gida na matsa mata, ta ce mini, "Addu'ar coci ce, wadda iyaye ke koya wa yara tun suna ƙanana. Ba na jin ta san inda take, tana ganin uwarta na zaune kusa da ita."

Jama'a ku ji fa. Matar da ta koya mini alwala, wadda ba ta taɓa barin azumin Litinin da Alhamis ba sai da ciwo ya kwantar da ita. Har yau in ta ji kiran salla sai ta yunƙura tana neman buta, ranar da hankalinta ya ɗan dawo ta jawo carbinta tana salati. Ni dai na ji malamai na cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da abin da ya faɗa, kuma a makaranta an koya mana yadda ciwon yake. Amma sanin da na yi daban, abin da gari zai ɗauka daban.

Wanda ke wajenmu ya san halin da ake ciki bana. Ruwa ya makara, da ya zo kuma sai ya ɗauke daidai lokacin da gero ke shirin fitar da kai, an fita roƙon ruwa ba sau ɗaya ba. Gonarmu ta wajen Tozai ma ba ta nomuwa saboda rashin tsaro. Zukata sun yi zafi, kowa na neman wanda zai ɗora wa laifi, kullum sai ka ji ana cewa wani saɓo ne ake yi a garin ya hana ruwa. Tuni wata maƙwabciyarmu ta fara yaɗa cewa tsohuwar gidanmu da aljanu take hira. To ina ga an ji abin da take faɗa?

Shekaranjiya Baffa ya shiga gaishe ta da la'asar ya tarar tana wannan karatun, ya tsinci sunan Mariya a ciki tana maimaitawa. Ya kira ni zaure, ya ce ya ji labarin ina koyon yaren a waya wurin waɗansu Kiristoci, ya yi faɗa sosai a kan ban nemi izininsa ba, ya ce wa ya sani ko su ne ke ƙara birkita ta. Sannan ya tsare ni da ido ya ce in faɗa masa abin da uwarsa ke cewa. Na ce ban gama koyo ba, abin da ba ƙarya ba ne, amma ba shi ne gaskiyar duka ba. Ya ce ba komai, ya ɗauki muryarta a wayarsa, akwai ɗan abokinsa da ya yi aiki da 'yan Filifin a Saudiyya, in shi Baffan ya dawo daga tafiyar da zai yi Kurawa zai tura masa. Kuma ya ce in fita daga ƙungiyar.

Baffa ba mugu ba ne, yana son uwarsa, shi ke ɗaukarta da hannunsa in za a canza shimfiɗa. Amma mutum ne mai zafi a kan addini, kuma ba ya riƙe magana, abin da ya ji da safe kafin azahar majalisarsu ta ji. Tsorona shi ne a fara ce mata ta yi ridda, mata su daina shigowa duba ta, a tsananta mata da ruƙiyya jikinta ba zai ɗauka ba. Babban tsorona kuwa, wanda ko faɗarsa ba na so, shi ne ranar da ta cika a tsaya ana gardama a ƙofar gida kan ko za a yi mata salla.

Shi ya sa na zo gare ku. In riga ɗan abokin nan, in zaunar da Baffa in faɗa masa komai da bakina? Ko in fara zuwa wurin limamin unguwarmu, wanda shi ma ɗalibinta ne, in roƙe shi ya yi masa bayani, alhali ban san yadda shi zai ɗauka ba? Ko in yi shiru, ƙila yaron ba zai gane Ilokano ba? Batun ƙungiyar kuma, in bi umarnin Baffa in fita? In na fita, Joy ce kaɗai mutum a duniya da kakata ke yi wa magana ta samu amsa, ni kuma har yanzu abin da na iya bai wuce gaisuwa da ba ta ruwa ba. Don Allah masu ilimin addini da waɗanda suka yi jinyar tsofaffi ku taimake ni, kar ku zage ta, ba ta san tana yi ba. Baffa jibi yake dawowa.