A Mayar Mini da Muryar Mai Gurnani

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kwamitin da ya kafa dokar hayaƙi da ƙarar ababen hawa a tashoshinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, barka da aiki, da fatan iyali da abokan aiki suna lafiya. Mu a nan Paki mun gode Allah, damina ta zauna, masara ta fara goyo.

Sunana Tanimu, direba. Shekara talatin da ɗoriya ina jigila tsakanin Paki da Ikara da wata tsohuwar akori-kura da mutanen hanya suka raɗa wa suna Mai Gurnani. Sau biyu ina zuwa ofishinka ana ce mini kana taro, shi ya sa na rubuto a fili. Ka yi haƙuri da ni, a gaban kaka na tashi, ban iya labari a gajarce ba.

Na ɗaya, godiya. Lokacin da dokarku ta zo cewa motar da ke hayaƙi ba za ta ƙara lodi a tasha ba, ina cikin waɗanda suka fi ɗaga murya. Mun yi ta musu a rumfar tasha. Wasu na cewa hayaƙi bai taɓa kashe kowa ba, wasu na cewa a saurari ƙirjin Tanimu kafin a rantse. Daga ƙarshe Mai Gurnani ta koma gindin darbejiya a ƙofar gidana, kuka ba ni keke mai ƙafa uku mai buɗaɗɗen baya, wanda ake yi wa caji, na sa hannu a takardar sharaɗi.

Ranar farko na murɗa makulli, shiru. Na sake murɗawa, shiru. Na ce to, gawa aka ba ni. Sai mai koya mana ya ce, "Baba, ai a tashe yake, murɗa hannu kawai." Na murɗa, ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashina. La'ilaha illallahu! Kakata takan ba mu labarin dokin aljanu wanda ba a jin kofatonsa, muna ƙudundune a bayanta don tsoro. Ban taɓa zaton zan tsufa in hau shi ba, har in ɗora masa buhun barkono. Da aka nuna mini farantan da ke kan rufin tasha aka ce hasken rana suke sha su ba shi, sai da na nemi wuri na zauna. Ranar nan da ke busar mana da kuɓewa a kan tabarma, ashe tana iya jan mutum goma da kayansu har Ikara. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ɓoye wannan a cikinta tun farkon duniya, muna ta wucewa a ƙarƙashinta da jarkar mai.

Yanzu ina jin kukan kurciya ina tuƙi. Ina jin tsakuwa a ƙarƙashin taya. Ina jin hirar fasinjoji ma, a nan na gano shekara talatin suna zagin tuƙina a bayana ban sani ba. Tarin da ke tashe ni ya lafa, mai ɗakina Asabe ta ce yau ga farar rigata ta dawo gida fara. Duk wannan ku kuka kawo, Allah ya saka.

Na biyu, abin da kwamitinku bai sani ba, kuma ba laifinku ba ne, don ni ma sai da ya faru na sani.

Akwai ruga a bayan fadama, nesa da titi, ba a hango ta daga hanya. Matan rugar, su bakwai, da babbarsu Inna Dudu, su ne fasinjojina na tun fil azal. Nono da man shanu suke kaiwa Ikara. Ni ba ni da lokacin tashi, sai mota ta cika, yau da hantsi, gobe rana ta ɗaga. Su kuwa ba za su zauna bakin titi da ƙwarya a rana suna jira ba, ga tatsa, ga kaɗa nono, ga yara. Wayoyin rugar suna aljihun maza a wurin kiwo, sabis ɗin ma sai an hau tudu.

Ashe da kunne suke hawa motata. Akwai hawan da ke bayan gada, inda dole in saka giya biyu. Nan Mai Gurnani ke buɗe maƙogwaro, ƙararta ta ƙetare fadama. Da sun ji sai su rufe ƙore da faifai su ɗauka. Ni kuma in tsaya wani ƙauye a gaba in ɗauki kaya. Kafin in gama ɗaure igiya in iso gindin tsamiyar bakin titi inda suke hawa, sun iso. Ba mu taɓa zama mun shirya haka ba. Ni ina ɗauka Allah ne kawai ya yi su da sa'a.

Da sabon keke, kwana uku a jere ina iso tsamiya ba kowa. Na ce ko rugar ta tashi. Rana ta huɗu na tarar da Inna Dudu ita kaɗai, tun sassafe take zaune, man ya narke, nonon ya tsinke. Ta dube ni ta dubi keken, ta ce, "Tanimu, mun yi zaton ka mutu, har mun yi maka addu'a. Ashe ɓarawo ka koma, kana wuce mutane a saɗaɗe." Hon ɗin keken kuwa, ranka ya daɗe, ko ɗan tsako ya fi shi murya. Kwana ukun nan nonon mata bakwai a ruga ya ƙare, wanda za a iya sha an sha, sauran an zuba wa karnuka.

Na uku, abin da na yi, ba zan ɓoye ba. Na je wurin Malam Isiya mai gyaran rediyo, sa'ana ne. Muka zuba wa Mai Gurnani ɗan mai, muka tura ta ta tashi, na taka ta kamar muna hawan bayan gada, ya ɗauki muryarta a waya. Ya haɗa mini da lasifika irin ta masu tallar magani, mai batirinta daban, muka ɗaure da igiya a bayan keke. Ko waya ɗaya ta kekenku ban taɓa ba. Washegari na kunna a kan hawan. Ina isowa tsamiya, ga su su bakwai a jere, ƙore a ka, suna dariya har da riƙe ciki. Ni kaina tsigar jikina ta tashi. Mota tana kwance a Paki ba ko iska a tayarta, muryarta tana nan tana aiki.

Na huɗu, ranar kasuwar Ikara da ta wuce, jami'inku ya tsaya daidai kan hawan. Mutum ne mai ladabi, har ya rusuna ya gaishe ni. Ya ji gurnani, ya fito da na'urarsa, ya zagaya keken sau biyu yana neman inda hayaƙin ke fita. Da bai samu ba sai ya buɗe takarda ya karanta mini cewa dokar ta haɗa da ƙara, kuma an hana ƙara wa keken wani abu. Ya kwance lasifikar ya tafi da ita, ya ba ni gargaɗi a rubuce: in aka sake kama ni, za a karɓe keken. Ban ga laifinsa ba, abin da ke rubuce ya karanta. Amma wanda ya rubuta, da cikin gari ya yi tunani, inda masu hon ke hana jariri barci. A kan hawan nan ba mai jin mu sai shanu da mata bakwai.

To ga inda nake. In na ɗaura, ku karɓe keken, ga shi ba ni da wata motar da doka ta yarda da ita. In ban ɗaura ba, nono ya lalace a ruga. Ban sake ɗaurawa ba, don na sa hannu. Shekaranjiya har tsayawa na yi a kan hawan, na sauka, na kara hannu a baki na gwada yin gurnanin da kaina. Fasinjoji sun sha dariya, amma ko rabin fadama muryata ba ta kai ba.

Roƙona uku ne. A mayar mini da lasifikata. A rubuta mini izinin kunna ta minti ɗaya tak, a kan hawan bayan gada kaɗai. Sannan kafin ku raba keken nan a hanyoyin Makarfi da Kudan, ku tambayi kowane direba ko akwai masu jiransa da kunne, don ba na zaton ni kaɗai ne. In kana shakka, ka zo da kanka, gaba zan sa ka. Za ka ji kurciya, za ka ji tsakuwa, sannan mu tsaya a tsamiya ka ga ba kowa.

Inna Dudu ta ba ni saƙo gare ka. Ta ce hayaƙin ku riƙe abinku, dama yana shiga mata nono. Sallamar kawai take so a dawo da ita, don a wurinsu baƙon kirki ba ya zuwa bai yi gyaran murya ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya sa kunnenka ya kai inda idonka bai kai ba.

Wassalam.

Naka,
Tanimu Direba, Paki.