Ƙwayar Cutar Da Za A Sa Wa Sunan Garinmu

Seu Firmino, don Allah ka taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan. Kalma ɗaya ta rage in rubuta a kan takardar binciken da za mu wallafa, kuma hannuna ya ƙi.

Shekarata hamsin da huɗu. Ashirin da takwas daga ciki na yi su ne a wata cibiyar bincike a nan Belém, ina bin diddigin cututtukan da sauro da sauran ƙwari ke ɗora wa mutane. Aikin ba shi da wani ado. A hau rumfar katako can saman bishiya da rana tsaka, a naɗe wando zuwa gwiwa, a jira sauro ya sauka a ƙwauri, a zuƙe shi da bututu kafin ya kafa baki. A kawo shi gari cikin ƙanƙara, a niƙa, a duba abin da yake ɗauke da shi. Ƙafafuna duk tabo ne. Na taɓa aure na shekara huɗu, mijin ya ce ya gaji da tarar da kwalaben sauro kusa da man shanu a firij. Amma ba wannan na zo faɗa ba.

Muna da al'ada a sana'armu. Idan aka gano sabuwar ƙwayar cuta, ba a sa mata sunan wanda ya gano ta, sai sunan wurin da aka fara samunta. Da yawa cikin abokan aikina kowa na da tasa. Ni kuwa duk abin da na kamo, sai in tarar wani ya riga ni tun ina makaranta.

Bara na je hutu garinmu Maratinga, tafiyar wuni da rabi a jirgin ruwa. Na tarar zazzaɓi ya kwantar da mutum goma sha wani abu: ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, kwana biyar ya sake su. Ba wanda ya mutu. Na gwada su, ba maleriya ba ce. Ni ba na tafiya ba bututu a jaka, don haka na gangara bayan gidanmu, zuwa wani ɗan rafi da ake kira Ariruna. Ba ya kan taswira, ba mai zama bakinsa sai kwaɗi. A nan marigayi babanmu ya koya mini iyo. Wuni uku ina zaune a wurin da ƙafa a buɗe. Abin da ya fito daga sauron nan shi ne ya fito daga jinin marasa lafiyar, kuma bayan wata tara muna dubawa muka tabbatar ba a taɓa ganinsa a ko'ina ba.

Shugaban sashenmu, Dakta Hermes, shi ya ɗauki alƙalami ya rubuta "Maratinga" a jikin kwalbar. Aka yanka kek, aka yi ta rungumata. Na yi kuka, ban ɓoye maka ba.

Da bikin waliyyin garinmu ya zo na koma gida. Ana tsakiyar cin abincin rana, dangi cike da rumfa, na miƙe na ce, "Albishirinku! Sunan garinmu zai shiga littattafan duniya." Aka yi tafi. Sai na faɗi abin da za a sa wa sunan.

Yayana Valdo shi ke shugabantar ƙungiyar masu yin garin rogo. A kasuwar Ver-o-Peso ta nan Belém da suna ake neman garin rogonmu, don mai ƙamshi ne, ba ya tsami. Ya ajiye cokali ya ce, "To Dakta, sannu da ƙoƙari. Ni ina rubuta Maratinga a jikin buhu, ke kina rubutawa a jikin kwalbar ciwo. Ki sa mata sunan tsohon mijinki mana, ai ya fi cancanta." Na fara bayanin cewa ba a ɗaukar cutar ta abinci. Ya ce in je in yi wa matan kasuwa wannan karatun. Mamarmu, Dona Zuleide, shekararta tamanin da ɗaya, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Shekara talatin a birni, yarinya, tsarabar da kika kawo mana ke nan?"

Tun ina ɗaliba take aiko mini da ƙaramin buhun gari a jirgin farkon wata. Wata uku ke nan bai zo ba.

Na kai wa Dakta Hermes maganar. Ya ce, "Ke ma dai! Al'ada ce. Ni sunan garin matata na sa wa tawa, har yau ba su sani ba." Ina kuma gaya wa kaina cewa garin ya daɗe yana roƙon a turo masa ma'aikaciyar jinya, watakila cuta mai suna ta sa a tuna da su. Amma gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce ina so. Ba ni da ɗa, ba ni da gida a can. Wannan ne abu mafi kusa da sunana da zan iya bari. In rubuta, ko in goge?

Mai Tabo A Ƙwauri, Belém

Amsa

Dakta, na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun da safa a ƙafata.

Da farko ina taya ki murna, tunda a gida ba a samu mai yi ba. Shekara ashirin da takwas mutum na miƙa ƙwaurinsa don wasu su rage ciwo, ba laifi ba ne idan ya so a tuna da shi. Amma ku masana kuna da wata lalura da ba sauro ke kawo ta ba: kun daɗe tare da juna har kun manta cewa sauran jama'a ba sa yanka kek idan an samu sabuwar cuta. Kin tashi cikin biki kin ce albishir. Wannan shi ya fi yi wa Dona Zuleide zafi, kuma shi za ki fara ba da haƙuri a kai, ba tare da lacca ba.

Valdo ya fi ki gaskiya a kan kasuwa. Akwai wani kogi a Kongo da wani daji a Uganda da duniya ta haddace sunayensu saboda cututtukan da aka laƙaba wa sunayen, kuma ba wanda ya taɓa tambaya ko kifin kogin na da daɗi. Yau zazzaɓin naki na kwana biyar ne. Ke kin fi ni sanin cewa ba mai iya rantsuwa a kan abin da zai zama nan da shekara ashirin. Idan ya yi ƙarfi, Dakta Hermes yana can yana cin fanshonsa, Valdo ne zai tsaya gaban buhunansa. Ke kuma kin fi Valdo gaskiya a wuri ɗaya: ba ke kika kawo ciwon ba, kin tarar da shi ne, kuma ɓoye shi ba zai sa sauro ya yi ƙaura ba. Cikin takardar ki faɗi ainihin inda kika same shi da adadin waɗanda ya kwantar. Wannan ba a sasantawa a kansa.

Hujjar ma'aikaciyar jinya kuwa, ki yi haƙuri, ado ce kika yi wa son ranki. In kina son a turo ta, rubuta wa hukumar lafiya rahoto da sa hannunki, ki bi shi ofis-ofis da irin haƙurin da kike jiran sauro. Ban ga kin ce kin yi ba.

Sai sunan. Kin ce al'ada ta ce wurin da aka fara samu. To a ina kika zauna wuni uku? Ba a dandalin Maratinga ba. Kin ba ni sunan rafin, kin ba ni babanku, har da kwaɗin, sannan kika wuce kamar ba ki faɗi komai ba. Ba mai sayar da gari da sunan Ariruna, kuma in ana neman wurin da ya fi kusa da ke, ban ga wanda ya kai shi ba. Dakta Hermes zai yi gunaguni na wuni ɗaya, ya sake rubuta kwalba.

Amma kada ki yanke wannan ma daga Belém, kar ki maimaita kuskuren da wani suna. Shiga jirgin wannan Juma'ar. Ranar Lahadi bayan an fito coci, ki ajiye musu sunayen biyu, ki gaya musu yadda za su kare kansu daga cizon, ki zauna ki yi shiru. Rafin ma nasu ne.

Kada ki tambayi Mama ko ta huce. Tsofaffin bakin kogi ba sa amsa irin wannan da baki. Ki je tashar jirgi farkon wata ki duba kaya.

Allah ya ba ki sa'a, ya kuma sa sauron Ariruna ya tsaya a kwana biyar ɗinsa.

Firmino