Manal Tana Tsare

Utaibiyya, Makka

Yaya Mukhtaru,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya yara? Mu nan alhamdulillahi, ina sayar da abincina, kada Inna ta damu. Gidan ne dai ya yi shiru.

Tun bayan Sallah aka kama Manal, marainiyar da na rena, saboda rashin iƙama, wato takardar izinin zama. Hukumomin nan sun ce ba 'yar ƙasarsu ba ce. Kakanta a ƙafa ya zo daga Kano, amma da na je nema mata takardar zama 'yar ƙasa, jami'in ƙasarmu ya ce min, "Hajiya, ni abin da aka rubuta nake bi. Kawo shaida."

Na ji ku lauyoyi 'yan ra'ayin sauyi kuna gardama, ko harafin tsarin mulki za a bi, ko manufarsa. Don Allah Yaya, in ka tsaya gaban alƙali, ka tambaye shi ko waɗanda suka rubuta shi sun yi nufin yarinya ta rasa ƙasa.

Jiya na je ganinta. Ta ce, "Umma, in an sake ni, ina za a kai ni?" Na gyara mata mayafi kawai.

Allah Ya tsare ku.

Ƙanwarka,
Rumasa'u