Sheƙar Kinde

Yaya Tránsito,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Maƙwabciyata Rosaura ke rubutawa, ni ke faɗa.

Ɗana Melchor ba lafiya. Tun da kare ya yi masa haushi a fuska ya daina kama nono, sai zawo, idanu sun faɗa. Mai magani ta shafe shi da ƙwai, ta ce kurwarsa ce ta fita, sai an yi masa hayaƙi da sheƙar kinde, ɗan tsuntsun nan mai shan ruwan fure. Yaya, ina zan ga kinde a nan garin Cayambe? Fure ko'ina, amma duk wardi ne cikin rumfunan leda, kullum feshi. Ko ƙwaro babu, balle yanar gizon da kinde ke ɗaure sheƙa da ita. Na rataye ruwan sukari a taga, tururuwa ce kawai ta zo.

Don Allah ki dubo min a dajinmu.

Ƙanwarki, Delfina

Delfina sarkin kuka,

Muna lafiya, Inna na gaishe ki. Wane dajin? An sare, an shuka ciyawar shanu. Sai da na hau gangaren da jajayen furannin nan masu dogon wuya suka rage. Can na ga uwar, ta tsotsi fure, ta cafki ƙwari a iska, na bi ta da ido har sheƙa. Amma da 'ya'ya biyu a ciki, kuma kin san sheƙa mai 'ya'ya hayaƙinta ba ya magani. Sun kusa tashi. Kafin nan ki kai yaron asibiti, zawo ba abin wasa ba ne.

Ki gaida mijinki.

Tránsito

Yaya,

Ina gaisuwa. Asibiti ba zai yiwu ba. Mai magani ta ce in allura ta taɓa shi kurwa na waje, ba za ta gane jikinsa ba in ta dawo. Yanzu ko kukan ba ya yi, baki kawai yake buɗewa. Ki kwashe 'ya'yan ki sa a hularki, ai uwarsu za ta bi su. In babu kowa ciki ba shi ke nan ba? Ki ba direban motar madara ya kawo min. Rosaura, rubuta mata ina roƙo. Rubuta sau biyu.

Delfina

Yaya,

Ina gaishe ki. In ba ki taɓa sheƙar ba, ki bar musu abinsu. Ki zo da Inna ranar Asabar, ta taho da farin ƙyalle.

Ki huta lafiya.

Delfina