Alƙiblar Masallacin Kaka

Aboabo, Kumasi

Zuwa ga Yayana Seini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Faridatu da yara, Ya kuma sa albarka a nemanka can Yamai. Mu nan jiki da sauƙi. Ƙanwarmu Mamuna ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata sunan marigayiya Mma. Ni ma ina nan da wake da shinkafata a bakin titi. Na gwammace in rubuto in ba direba da in kira ka, don ka san gidanmu, in na yi tari a ɗakina sai an yi mini sannu daga ɗaki shida.

Maganar masallacin da Kaka ya gina ce ta hana ni sukuni. Simintin ƙasa ya farfashe, jama'a suka ce a sa tayil. Magini ya ce a nuna masa layin sahu tukuna, don in siminti ya kama shi ke nan. Sai ƙaninmu Rafi'u, mai awon filaye, ya ɗauko na'urar aikinsa ya auna, ya sake gwadawa da waya, ya ce alƙiblarmu ta kauce. Wai mu gabas sak muke kallo, alhali daga Kumasi sai an karkata hagu sosai. Da ya ja Baba ɗaki ya gaya masa, da abin ya zo da sauƙi. Amma ka san Rafi'u, in ya san abu sai kowa ya san ya sani. Bayan La'asar ya faɗa, a gaban mutane, har ya ja layi da alli a karkace, ya ratsa ta inda Baba ya shekara talatin yana limanci.

Sai da suka dawo gida Baba ya tanka. Ya ce Allah ba Ya cikin wani lungu da ƙarfe zai leƙo Shi ya nuna. Ya ce Kaka da fitowar rana ya tsai da alƙiblar nan, da zuciya ɗaya, kuma Wanda ake yi wa sujada Ya fi kusa da bawa fiye da duk abin da ake aunawa. Sanin ɗan Adam kuma, in ji shi, yau ya ce hagu, gobe wata sabuwar waya ta ce dama. Rafi'u ya ce Allah bai halicci duniya a hargitse ba, bisa ma'auni Ya shimfiɗa ta, Ya ba mu hankali don mu karanta. Ya ce wanda bai sani ba yana da uzuri, amma wanda aka nuna masa ya ƙi, ba tawakkali yake yi ba, taurin kai ne. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta ɓata komai. Baba bai ji sauran bayanin ba. Abin da ya ji kawai shi ne ɗan cikinsa ya ce sallar ubansa ta tashi a banza.

Yau sati uku ba su ci abinci a kwano ɗaya ba. Rafi'u yana bin Baba salla, amma a karkace yake tsayuwa, wasu samari sun fara kwaikwayonsa, sahu ya daina haɗuwa. Alhaji Sumana, ɗaya daga cikin dattawan masallacin, ya kusa ɗaga wa Rafi'u hannu ranar Juma'a. Baba ya ce ranar da aka juya layin nan zai ajiye makulli, ba zai ƙara taka masallacin ba. Rafi'u ya ce in ba a juya ba, shi zai koma wani masallaci a Akwatialine. Magini kuwa zai fara aiki ranar Alhamis mai zuwa.

Yaya, akwai laifina a ciki, kuma shi ne ainihin dalilin rubutun nan. Ni ba malama ba ce. In Baba ya yi magana sai in ji zuciyata ta kwanta, in Rafi'u ya yi sai in ji tsoro ya kama ni. Idon Baba ya yi rauni ƙwarai a bana, ni nake shimfiɗa masa darduma in zai yi walaha a ɗaki. Tsoron nan ya sa na riƙa karkata masa ita hagu ba tare da na gaya masa ba. Na ce a raina, in Rafi'u ne da gaskiya na taimaki Baba, in kuma Baba ne, ai shi da bakinsa ya ce Allah niyya Yake dubawa.

Jiya da hantsi ya tsaya a kan dardumar, ya daɗe bai yi kabbara ba. Sai ya kira sunana, ya ce da can rana daga taga a goshi take samunsa, amma kwanakin nan a kuncin dama yake jin ta. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce shi Rafi'u ko ba komai a fuska ya gaya masa. Ya ce yanzu ba shi da ido a gidan nan sai nawa, in har ni ma zan juya shi inda na ga dama ban gaya masa ba, to bai san wa zai tambaya hanya ba. Yau da na zo da dardumar ya karɓe ta daga hannuna, ya bi bango yana lalube har ya shimfiɗa da kansa. Na koma wajen tukunya ina kuka, kunya ta hana ni ko ba shi haƙuri.

Don Allah ka kira kafin Alhamis. Kai kaɗai ne su biyun suke saurare. Ban ce ka raba musu gardama a kan hagu ko gabas ba, wannan a kai wa malaman da suka fi mu sani. Ka sa Rafi'u ya janye kalmar nan a gaban mutanen da ya ja layi a gabansu. Ni kuma ka roƙa mini Baba, don ni nake kai shi har ƙofar masallaci, kuma yau da Azahar bai miƙo mini hannu ba.

Ka gaida Anti Faridatu, da Irfan da Farhana, da Kawu Zuberu in kun haɗu. Mamuna da jaririya suna gaishe ku. Allah Ya daidaita tsakaninmu.

Ƙanwarka,
Safiatu