Na Tafa Hannu a Durban

Zuwa ga kakata Ambuya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafarki? Ya masara a Gutu, an samu ruwa? Mu lafiya lau a nan Durban, kada ki damu.

Akwai wani yaro a ajinmu, Lwazi, yana ara mini littattafan soyayya. Bai san daga wace ƙasa muka zo ba, kin san ni da shiru. Jiya ya miƙo mini littafi, na manta ba a gida nake ba, na rusuna na tafa hannu kafin na karɓa, yadda kika koya mini. 'Yan aji suka kwashe da dariya: "Ashe baƙuwar haure ce!"

Lwazi ya ce, "Ke 'yar Zimbabwe ce?"

Ambuya, na ce a'a.

Har yanzu na kasa buɗe littafin. Ki yafe mini. Allah ya bar mana ke.

Jikarki,
Nyaradzo