Mita Ɗari Uku Zuwa Makaranta

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Mako biyu ke nan ina zuwa ofis in zauna gaban takarda ban san abin da nake rubutawa ba.

Ni mai awon filaye ne, shekarata goma sha ɗaya a wannan aiki. Idan na ce tsakanin turke da turke mita arba'in ne, ba wanda ke ja da ni. Ina da mata da 'ya'ya uku: Yaya Babba mai shekara bakwai, namiji mai shekara huɗu da muke kira Sarkin Tambaya, sai Auta da ke goye. A farkon shekarar nan wurin aikinmu ya buɗe rassa biyu, ɗaya a babban birni, ɗaya a wani ƙaramin gari, aka ce in zaɓi inda zan koma. Na ce saboda yara zan zaɓa, kuma wallahi da gaske nake.

Wata uku na yi ina nazari. Na shimfiɗa taswirorin garuruwan a kan teburin cin abinci har muka koma ci a ƙasa. Na sa jan ɗigo a makarantu, kore a asibitoci, shuɗi a filayen wasa. Birnin ya cika da ɗigo, ƙaramin garin kuwa ɗai-ɗai. Na samo gida a birnin: makaranta mita ɗari uku, asibitin yara ɗari biyar, filin wasa ɗari huɗu. Na je na gan shi sau ɗaya, ranar hutun mako da hantsi, a mota, ni kaɗai. Unguwa shiru, har kukan tsuntsaye na ji.

Matata tela ce. Da na nuna mata, abu ɗaya ta tambaye ni, ko na taka hanyar makarantar da ƙafata. Na yi dariya, na ce mata mai auna wuyan riga ba za ta koya wa mai auna gari aikinsa ba. Ta rubuto nata tambayoyin a bayan takardar awon wata riga: ko akwai inuwa a hanya, ko maƙwabta suna da yara, ko akwai kantin magani kusa. Na ce mata ba a sa waɗannan a taswira.

Malama, tsakanin gidan da makarantar akwai wani layi a taswirata, siriri kamar zare. Ashe titin manyan motoci ne, layi uku zuwa, layi uku dawowa, da katangar siminti a tsakiya. Ranar aiki tireloli da tankoki ba sa yankewa. Gadar masu tafiya a ƙasa tana can kusan kilomita biyu, ga matakala kamar za a hau sama. Ɗigona uku duk suna wancan ƙetaren. Ni da na ci abinci da awo shekara goma sha ɗaya, a miƙe na auna, kamar 'ya'yana tsuntsaye ne.

Muka tare a gidan. Makon farko ni na riƙa kai yaran makaranta a mota. Sai aka tura ni daji aiki. Rana ta uku suka makara, sai matata ta bi sahun mutane ta wata kafa da aka fasa a katangar. Auta a baya, Yaya Babba a hannun dama, Sarkin Tambaya a hagu. Suna isa tsakiya takalminsa ya cire, ya zame hannunsa ya koma ɗauka. Ta ce ba ta ga komai ba, ƙarar birki kawai ta ji da warin taya. Wata mai sayar da 'ya'yan itace ce ta fizgo shi ta jakar makaranta. Gwiwarsa kawai ta kuje. Da na dawo, na tarar da takalmin a kan taswirata, ya baje kamar an yi masa guga.

Yaron nan da ke hana mu sakat da me ya sa, me ya sa, tun ranar bai sake tambayar kowa komai ba. Ba wanda ya koma makaranta. Matata ta ce kafin ƙarshen wata ko mu koma ƙaramin garin, ko ta kwashe yaran ta tafi wurin mahaifiyarta. A ofis sun ce ƙofar musanya reshe a buɗe take zuwa ƙarshen wata. Amma asibitin can ba likitan yara, ga Auta da ciwon ƙirji. Ni kuma yanzu ban yarda da idona ba. Yaya zan yi?

Baban Yara Uku

*

Ƙanena Baban Yara Uku,

Innalillahi! Sai da na ajiye wasiƙarka na tashi na zagaya ɗaki kafin na iya ƙarasa ta. Allah Ya tsare, Ya saka wa mai 'ya'yan itacen nan da alheri. Ka neme ta ka yi mata godiya da bakinka.

Ba zan ƙara maka zafi ba. Uban da ya hana kansa teburin cin abinci wata uku saboda 'ya'yansa ba mugun uba ba ne. Amma ka yi kuskure biyu, kuma titin ne ƙarami a cikinsu. Babban shi ne dariyar nan. An yi maka tambayar da ta fi taswirarka duka daraja, ka mayar da ita wasa. Don haka kafin maganar gari, ka zaunar da maiɗakinka ka ba ta haƙuri, ka ambaci wuyan rigar nan da sunansa. Tela ba ta yanka yadi sai ta ɗora tef a jikin mai riga. Kai kuwa ka yanka wa mutum huɗu gari ba ka gwada a jikin ko ɗaya ba.

Ita ma ina da magana da ita, ka karanta mata. 'Yar'uwa, tsoronki gaskiya ne, kuma na goyi bayanki, kada yaro ya sake taka titin nan. Amma ƙaramin garin da kike son gudu zuwa, ke ma ba ki taka shi ba. A firgice za ki zaɓa, kamar yadda shi ya zaɓa a takarda, ga jaririya mai ciwon ƙirji. Tafiya gida kuma za ta raba yaran da ubansu a lokacin da ɗan nan ya fi bukatar ganin ku tare.

Kuna da sauran kwanaki, ku yi amfani da su. Ka ɗauki hutun kwana uku. Ranar aiki, ƙarfe bakwai na safe, ku je wancan ƙetaren da motarka, ku ajiye ta, ku taka. Kai za ka ɗauki Auta, ka riƙe jakunkuna, don ka san nauyin mita ɗari uku. Ku tsaya a ƙofar makaranta ku tambayi iyaye mata ta ina suke biyowa da inda suke kai yaro idan zazzaɓi ya tashi. Mai gadin makaranta da mai kantin magani sun san unguwa fiye da kowace taswira. Daga nan ku je ƙaramin garin ku yi haka, ku shiga asibitin ku tambayi abin da suke yi wa yaro idan numfashi ya sarƙe, da nisan inda suke tura shi. Mai yiwuwa ku gane cewa ba birnin ne bai dace da ku ba, gefen titin ne, maganin kuma gida ne a wancan ƙetaren. Mai yiwuwa kuma garin ya fi. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba tukuna. Takardar awon rigar nan za ku riƙe, kuma duk wurin da ta ce a'a, a'a ne.

Kafin nan, kai za ka riƙa kai su makaranta a mota, ko da za ka roƙi ofis su ɗage maka zuwa daji. Zaman gida yana ƙara wa tsoro girma. Na koyar da yara shekaru da dama, na ga irin shirun nan na Sarkin Tambaya. Kada ku matsa masa. Ku bar shi ya zana motar, ya ba da labarin yadda ya so, ku gaya masa ba laifinsa ba ne. Idan ya ƙara mako biyu a haka, ku kai shi wurin likita.

Ranar da za ku fita awon, ka sa shi gaba, ku bi takunsa. Hanyar da za ka iya sakin hannunsa a kanta zuciyarka ba ta tsinke ba, nan ne garinku, ko mita nawa ce.

Allah Ya zaɓa muku mafi alheri, Ya ba Auta lafiya. Ina fatan nan kusa Sarkin Tambaya zai dame ka da me ya sa har ka rasa amsa.

Malama